Waiwaye: Guguwar rana, daga wayar tangarahu zuwa tauraron ɗan'adam

A daren Juma'a 10 ga Mayun 2024, mutane a Ingila da Jamus, har zuwa jihar Fulorida ta Amurka, sun fito ƙofar gida suna ɗaukar hoton sama, ta rine ja da kore da shunayya. A daidai lokacin, manoman tsakiyar Amurka ana tsaka da shukar masara, taraktocinsu masu bin GPS suka rikice, layin shuka ya riƙa karkacewa, da yawa suka kashe inji suka jira. Abu ɗaya ne ya haddasa duka biyun: rana ce ta yi amai, aman ya iso duniya, abin da ake kira guguwar rana. Rabon da a ga mai ƙarfin wannan tun 2003.

Rana ba kwance take ba. Fuskarta kan fitar da baƙaƙen tabo, wuraren da ƙarfin maganaɗisu ya murɗe ya cukurkuɗe, kuma idan ya tsinke sai abu biyu su biyo baya. Na farko walƙiya ce mai tsanani, wadda ke ratsa kilomita miliyan 150 ta iso mana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Ita ce ke dagula saman iskar duniya, inda muryar rediyo ke karo ta dawo ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama tashoshin waje a gajeren zango ya san ranar da murya kan dusashe da rana tsaka, maigida ya yi ta juya eriya yana zargin batir, alhali wani lokacin laifin daga sama yake. Na biyu ya fi haɗari: tarin iskar gas mai ɗauke da lantarki, nauyin biliyoyin tan, da rana ke cillowa. Shi yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma in ya daki garkuwar maganaɗisun duniya sai ya girgiza ta, girgizar ta haifar da lantarki a cikin duk wata doguwar waya ko bututun ƙarfe.

Wanda ya fara ganin abin da idonsa shi ne Richard Carrington, wani Bature mai nazarin taurari a garin Redhill, kudu da Landan. Da hantsin 1 ga Satumban 1859 yana zana tabon rana, hotonta na faɗowa daga na'urar hangen nesa kan wani allo, sai ga ɗigo biyu na farin haske sun ɓullo a tsakiyar tabon. Ya ruga neman wanda zai yi masa shaida, kafin ya dawo hasken ya fara dusashewa. Minti biyar kacal abin ya yi. Wani mai suna Richard Hodgson shi ma ya gani daga inda yake.

Bayan kimanin awa 17 da rabi guguwar ta iso. Sama ta yi ja har a Kuba da Hawai. Masu haƙar zinare a tsaunukan Roki suka farka tsakar dare suka fara haɗa karin kumallo, sun ɗauka gari ya waye. A ofisoshin tangarahu kuwa, wato tsarin aika saƙo ta waya, wanda shi ne kawai doguwar wayar da duniya ke da ita a lokacin, tartsatsi ya riƙa tashi daga na'urori, wuta ta ja ma'aikata, takardu suka kama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ma'aikata biyu, ɗaya a Boston ɗaya a Portland na Amurka, waɗanda suka cire batiransu gaba ɗaya suka ci gaba da aika saƙo kusan awa biyu da wutar da sama ta zuba musu a waya.

Daga nan duk guguwar da ta zo, abin da ta tarar mun shimfiɗa shi take taɓawa. A Mayun 1921 ta tarar da layin dogo da tarho, ta ta da gobara a ofisoshin sigina na New York da wata cibiyar tarho a Suwidin. A Mayun 1967 ta tarar da yaƙin cacar baka: na'urorin hango makamai masu linzami na Amurka suka toshe, manyan soja suka zaci Tarayyar Sobiyet ce, aka fara shirin tada jiragen yaƙi, sai masu lura da rana na rundunar sama suka bayyana abin da ya faru. A Agustan 1972 nakiyoyin ruwa da Amurka ta zuba a gaɓar Biyetnam suka riƙa tashi da kansu.

Wadda ta farkar da kamfanonin lantarki ita ce ta 13 ga Maris 1989. Da ƙarfe 2:44 na dare, layin wutar lardin Kubek na Kanada ya durƙushe cikin kimanin daƙiƙa 90. Mutum miliyan 6 suka wayi gari ba wuta, cikin sanyin hunturu, har tsawon awa 9. Ƙasar lardin dutse ce da ba ta shan lantarki, sai wutar ta bi hanya mafi sauƙi, wato dogayen wayoyi, ta faɗa cikin taransfoma.

An daɗe ana ɗaukar matsalar ta ƙasashen ƙuryar arewa ce kaɗai, sai Oktoban 2003 ya gyara wannan zato. Birnin Malmo na Suwidin ya rasa wuta na kusan awa ɗaya, Japan ta yi asarar tauraron ɗan'adam, amma a Afirka ta Kudu manyan taransfoma ne suka ƙone a hankali, suka riƙa mutuwa cikin watannin da suka biyo baya. A ganina nan ne ya kamata mu tsaya mu duba. Babbar taransfoma ba abin da ake sayowa a kasuwa ba ce, ƙera ta ake yi bisa oda, kuma yakan ɗauki shekara ko fiye. Mu da muka san yadda unguwa ke shafe watanni cikin duhu saboda ƙaramar taransfoma ɗaya, ba ma bukatar dogon bayani kan abin da zai faru idan manya goma suka lalace rana ɗaya.

Sau ɗaya mun tsallake rijiya da baya. A 23 ga Yulin 2012 rana ta cillo wata guguwa da masana ke kwatantawa da ta 1859, ta ratsa hanyar da duniya ke bi, amma ba ta same mu a wurin ba. Kumbon STEREO-A mai lura da rana ne ta daka, shi ya auna ta. Da ta fito kwana tara kafin nan, da mu ta fuskanta. A shekarar ce kuma wata 'yar Japan, Fusa Miyake, ta gano a zoben kututturan tsofaffin itatuwa alamar wani abu da ake zaton aman rana ne, da ya faru wajen shekara ta 774, wanda ya ninka duk abin da na'ura ta taɓa aunawa. Ko ƙaramar guguwa ma tana ɓarna: a Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, iskar sama ta kumbura ta ja 38 suka faɗo suka ƙone.

Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da aka ce rana ta yi amai, wai a kashe waya kada ta fashe, wai kada a fita, ba su da tushe. Iskar duniya da maganaɗisunta suna kare jikin mutumin da ke ƙasa, kuma wayar hannu ba ta da doguwar igiyar da wutar za ta bi. Waɗanda ke cikin haɗari su ne 'yan sama jannati, jiragen da ke bi ta ƙuryar arewa, taurarin da banki da tarho ke dogaro da su, da layukan lantarki.

Yawan tabon rana kan hau ya sauka duk bayan kimanin shekara 11, kamar yadda Bajamushe Heinrich Schwabe ya fara lura a 1843, kuma a Oktoban 2024 hukumomin Amurka na sararin samaniya da na yanayi, NASA da NOAA, suka sanar cewa zagaye na 25 ya kai ƙololuwa. Gadin guguwar kuwa ana yin sa ne daga wani wuri mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, ta ɓangaren rana, inda kumbuna irin su SOHO ke tsaye. Ana iya ganin tasowar guguwa tun kwana ɗaya ko biyu, amma ainihin ƙarfinta sai ta wuce ta gaban waɗannan kumbuna, saura minti 15 zuwa 60 ta iso. A cikin wannan ɗan lokaci ake so injiniya ya rage wa layi kaya, matuƙin jirgi ya sauya hanya. A Afirka, cibiyar da ke wannan gadi dare da rana tana garin Hermanus na Afirka ta Kudu, an buɗe ta a 2022.