Me Ake Nufi da "Duwal But" da Ɓangaren Ajiya na Tarayya?

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafin da ya saba bayarwa, kalmar "duwal but", wadda ake rubutawa dual boot da Turanci, ta zama ruwan dare a bakin masu gyaran kwamfuta da masu gabatar da shirye-shiryen fasaha. Dalilin a fili yake. Windows 11 ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma kwamfutoci da dama da ke aiki lafiya ƙalau ba su cika su ba, don haka masu su suka fara waiwayar Linux, wata babbar manhaja da take tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows take yi, ba tare da suna son rabuwa da Windows baki ɗaya ba. Shawarar da ake ba su ita ce su yi duwal but, kuma shawarar ba ta da aibu. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake bayyana ta, domin sau da yawa za ka ji mai bayani yana cewa kwamfutarka za ta riƙa tafiyar da Windows da Linux "a tare". Wannan "a tare" ɗin kuskure ne, kuma irin kuskuren da yake iya jawo wa mutum asarar fayilolinsa.

Duwal but shi ne a girka manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya, kowacce a nata ɓangaren na faifan ajiya, ta yadda duk lokacin da aka kunna na'urar wata ƙaramar manhaja, galibi GRUB, za ta fara tashi ta nuna jerin zaɓi. Wadda aka zaɓa ita ce za ta mallaki na'urar gaba ɗaya har zuwa lokacin da za a kashe ta, ɗayar kuma tana kwance a faifai, ba ta gani, ba ta ji, ba ta san abin da ake ciki ba. Karɓa-karɓa suke yi. Wanda yake son ganin su biyun suna aiki a lokaci guda, abin da yake nema shi ne VirtualBox ko VMware ko kuma WSL na cikin Windows, kuma wannan wani babi ne daban.

To, tunda ba sa haɗuwa, ta yaya takardar da aka rubuta a Linux da safe za ta samu a Windows da yamma? A nan ne maganar ɓangaren tarayya take shigowa. Linux ta fi ajiye kayanta a tsarin jera fayiloli mai suna ext4, wanda Windows ba ta iya karantawa da kanta, alhali Linux tana karanta NTFS na Windows, tana kuma rubutu a kansa. Saboda haka ake yanke ɓangare na uku a faifan, a tsara shi da tsarin da dukkansu suka sani, a zuba takardu da hotuna da bidiyo a ciki. FAT32 kowa ya san shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4. Shi kuma exFAT, wanda Microsoft ya wallafa bayanin tsarinsa a 2019 har ya samu shiga ƙwayar Linux ta 5.4 (ƙwaya, ko kernel, ita ce zuciyar babbar manhaja), ba shi da wannan iyaka, amma ba ya riƙe kundin da ake rubuta canje-canje kafin a aiwatar da su, don haka idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu ɓarnar takan fi muni. A ganina NTFS ne ya fi dacewa da faifan da ke cikin kwamfuta. Yana nan tun 1993, yana da wannan kundi, kuma Linux tana da hanya biyu ta sarrafa shi, wato NTFS-3G da aka daɗe ana amfani da shi da kuma ntfs3 da aka shigar a ƙwaya ta 5.15 a 2021.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kashe Windows. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai wani tsari mai suna Fast Startup, wanda a yawancin kwamfutoci a kunne yake zuwa. Idan mutum ya danna Shut down, manhajojinsa za su rufe, allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya, ya tabbata a ransa cewa na'urar ta mutu. Amma a zahiri Windows ta kwashe halin da ƙwayarta take ciki ta adana a wani fayil mai suna hiberfil.sys, domin gobe ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma cikin abin da ta adana har da abin da ta sani game da ɓangarorin ajiya: wane fayil ne yake ina, wane gurbi ne babu kowa a ciki. A taƙaice, barci ta yi da zaton babu wanda zai taɓa mata faifai kafin ta farka.

Misalin abin kamar magatakarda biyu ne da suke karɓa-karɓa a kan littafin rajista ɗaya. Na farko ya tashi aiki da wasu shafuka a kansa, bai gama sauke su a littafin ba, na biyu ya zo ya cika layukan da ya tarar babu rubutu. Washegari na farko ya dawo, bai sake duba littafin ba, ya ci gaba da rubutu bisa abin da ya haddace, a kan layukan da abokin aikinsa ya riga ya cika. Haka fayil ɗin da aka adana daga Linux yake iya ɓacewa idan aka koma Windows, ko folda ta ƙi buɗuwa, ko tsarin ɓangaren ya rikice har sai an yi masa gyara.

Masu haɗa NTFS-3G sun san da wannan haɗari, shi ya sa idan manhajar ta ga alamar Windows ba ta saki ɓangaren da kyau ba, takan ƙi buɗe shi don rubutu, ta bar shi a karatu kawai. Mutum zai ga fayilolinsa ga su nan, ya buɗe takarda, ya yi gyara, ya zo adanawa a ce masa ba shi da izini, wurin ƙirƙirar sabuwar folda ma ya dushe ba ya dannuwa. Wannan ƙin kariya ce. Amma wanda aka koya wa cewa manhajojin biyu suna zaune "a tare" zai ɗauka Linux ce ta samu matsala, sai ya shiga neman yadda zai tilasta mata. Nan ne ake ba shi umarnin ntfsfix, ko zaɓin remove_hiberfile da yake share fayil ɗin barcin, ba tare da an gaya masa cewa ntfsfix ba madadin chkdsk, wato manhajar gyaran faifai ta Windows, ba ne, kuma share fayil ɗin yana tafiya da duk abin da Windows ta adana a cikinsa. Ina ganin bai kamata a miƙa wa sabon shiga waɗannan umarni ba kafin a fahimtar da shi dalilin kullewar.

Maganin na gaskiya a cikin Windows yake. A shiga Control Panel, a je Power Options, a buɗe sashen da ake zaɓar aikin maɓallin wuta, a cire alamar da ke kan Fast Startup. Wanda ya fi son umarni zai iya rubuta powercfg /h off da ikon mai gudanarwa, wanda yake kashe dogon barcin, wato hibernation, gaba ɗaya tare da Fast Startup. Abin lura kuma shi ne Restart yana kashe Windows kashewa ta ainihi, ba kamar Shut down ba, kuma wannan ne ya sa wasu suke ganin ɓangaren yana buɗuwa yau ya ƙi gobe, su rasa gane kansa. Adalci ne a faɗa cewa dokar ta hau kan Linux ma: idan aka sa ta dogon barci tana riƙe da ɓangaren, aka shiga Windows aka yi rubutu a kansa, ɓarnar iri ɗaya ce.

Sauran abubuwan ba su kai wannan nauyi ba, ko da yake suna da ban haushi. Linux tana yarda a sa alamar tambaya ko ɗigo biyu a sunan fayil, tana kuma bambanta babban baƙi da ƙarami, Windows kuwa ba ta yarda da waɗannan alamomi ba, kuma a wurinta "Rahoto" da "rahoto" suna ɗaya ne. Bai dace a ɗora foldar /home ta Linux, inda fayilolin mai amfani suke zama, kacokan a kan NTFS ba, domin tsarin izinin fayiloli na manhajojin biyu ya sha bamban. Abin da ya fi shi ne a bar ta a ext4, a rubuta lambar shaidar ɓangaren tarayya, wato UUID, a fayil ɗin saiti na Linux mai suna /etc/fstab don ya riƙa buɗuwa da kansa. Wanda faifansa yake kulle da BitLocker, tsarin Windows na ɓoye bayanan faifai, shi kuma ya nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 ya ajiye a wani wuri kafin ya taɓa komai, saboda sauya yadda na'ura take tashi yana iya sa Windows ta nemi mabuɗin.

Akwai wani ruɗanin da yake ɗan'uwan na farko, wato ɗaukar ɓangaren tarayya a matsayin wurin tsira. Za ka ji ana cewa ko da Windows ta lalace kayanka suna can a "ɗaya faifan". Gaskiya ne cewa ana iya sake girka babbar manhaja ba tare da an taɓa ɓangaren ba, kuma wannan yana cikin manyan amfaninsa. Amma ɓangare ba faifai na biyu ba ne, iyaka ce kawai da aka rubuta a teburin rabon ɓangarori, GPT ko MBR, na faifai guda, kuma ranar da faifan ya mutu ɓangarorin uku tare za su tafi. Haka nan manhajar ɓarna da ta shiga Windows tana ganin ɓangaren tarayya kamar yadda take ganin kowace folda. Lokacin da haɗarin ya fi yawa ma shi ne ranar farko, sa'ad da ake matse ɓangaren Windows don a samar wa Linux fili, don haka kafin a fara yankan sai an kwafe fayiloli zuwa wani faifai na waje, an buɗe kaɗan daga cikinsu a can an tabbatar sun kwafu daidai, sannan a cire faifan daga jikin kwamfutar.