Gandun Sagarmatha da Kula da Dutsen Everest

Gandun Sagarmatha keɓaɓɓen yanki ne a arewa maso gabashin Nepal, cikin tsaunukan Himalaya. Gwamnatin ƙasar ta keɓe shi a 1976, faɗinsa murabba'in kilomita 1,148, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1979. A nan Dutsen Everest yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, mita 8,848.86 bisa awon 2020. Al'ummar Sherpa na zaune a ƙauyukan gandun, irin su Namche Bazaar, akwai kuma damisar ƙanƙara da barewar miski.

Bayan Edmund Hillary da Tenzing Norgay sun kai ƙololuwar dutsen a ranar 29 ga Mayu 1953, baƙi suka riƙa kwararowa. Ɓarnar farko a kan itatuwa ta sauka, domin ana sare su don girki da jin ɗumi, har aka taƙaita saran itace, masaukai da ayarin masu hawan dutse suka koma ga kananzir da gas.

Shara ce ta fi wuyar magani. A can sama sanyi ba ya barin komai ya ruɓe, don haka yagaggun tantuna, gwangwanaye, igiyoyi, tukwanen iskar oksijin da bahayan mutane sukan shekara da shekaru a inda aka yar da su. Idan ƙanƙara ta narke kuwa, ruwanta ƙauyukan ƙasa yake gangarawa. A 1991 mutanen yankin suka kafa Kwamitin Hana Gurɓata Sagarmatha, SPCC. A 2014 aka wajabta wa kowane mai hawa ya sauko da shara kilo 8, in ba haka ba ayarinsa ya rasa ajiyar dala 4,000 da ya biya kafin hawa. Sojojin Nepal sun soma gangamin tsaftace dutsen a 2019, kuma daga 2024 dole mai hawa ya dawo da bahayansa a cikin jaka.

Dokokin sun yi tasiri a sansanonin ƙasa, inda masu hawa ke yada zango. Amma Sansani na Huɗu, a tsayin kusan mita 8,000, har yanzu yana fama da tarkace, saboda iska ta yi ƙaranci, gajiyayyen mutum kansa kawai yake ƙoƙarin saukowa da shi. Mafi yawan wannan aiki mai hatsari 'yan Sherpa ne ke yinsa, suna fasa daskararriyar ƙanƙara su ciro abin da wasu suka bari, su goyo shi zuwa ƙasa.