PREEMPT_RT

PREEMPT_RT jerin gyare-gyare ne da aka yi wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke raba wa ayyuka lokacin furosesa, domin ya iya amsa kira cikin ƙayyadajjen wa'adi. Tabbacin wa'adin ake nema, ko da saurin na'urar gaba ɗaya ya ɗan ragu. Injin masana'anta da ke jiran umarni duk milisakan ɗaya, idan umarnin ya makara sau ɗaya tak, ɓarna ta auku.

Tarihi

Wajen 1996 Victor Yodaiken da Michael Barabanov suka ƙirƙiro RTLinux a jihar New Mexico ta Amurka. Dabararsu ita ce a dasa wani ƙaramin kanel a ƙarƙashin Linux, shi ke riƙe da ayyukan gaggawa, Linux kuma ba ya aiki sai ya samu sarari. RTAI na Paolo Mantegazza a birnin Milan da Xenomai na Philippe Gerum duk wannan turba suka bi.

Tsakanin 2004 da 2005 Ingo Molnár da Thomas Gleixner da Steven Rostedt da wasu suka ɗauki hanya mafi tsawo, wato a gyara Linux ɗin kansa. Aka mayar da akasarin makullan cikinsa, masu hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, zuwa waɗanda za a iya dakatar da mai riƙe da su, aka kuma sa aiki mai ƙaramin fifiko ya ari fifikon babban da ke jiran makullinsa. Rashin kunna irin wannan aron ne ya riƙa sa kwamfutar kumbon Mars Pathfinder sake tashi a 1997, ko da yake ita ba Linux take amfani da shi ba, wata manhaja ce mai suna VxWorks.

Gyare-gyaren sun yi ta shiga babban Linux kaɗan-kaɗan har kusan shekara 20. Gidauniyar Linux ta ɗauki nauyin aikin a 2015. Abin da ya tsaya a maƙoshi daga ƙarshe shi ne printk, mai rubuta saƙonnin kanel. A Satumban 2024 aka shigar da ragowar, ya fito cikin Linux 6.12 a watan Nuwamba, don furosesa nau'in x86 da ARM64 da RISC-V.

Daidaitawa

Kunna PREEMPT_RT kaɗai ba ya wadatarwa. Ana ba aikin gaggawa tsarin rabon lokaci na SCHED_FIFO ko SCHED_RR, da fifiko daga 1 zuwa 99. Wani tsarin mai aiki da wa'adi, SCHED_DEADLINE, ya zo a 2014. A tsarin asali kanel kan bar wa irin waɗannan ayyuka mikrosakan 950000 cikin kowane 1000000, don kada su ƙwace na'urar baki ɗaya. Ana keɓe wa aikin gaggawa wasu furosesa da saitin isolcpus da nohz_full, a kulle memori da umarnin mlockall don kada a kwashe shi zuwa faifai, a hana furosesa yin barci mai zurfi. Da manhajar cyclictest ake auna jinkiri, kuma mafi munin adadi ake dubawa, tsaka-tsaki ba ya da amfani a nan. Katsewar da BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura, ke yi a ɓoye, wadda ake kira SMI, ta fi ƙarfin kanel.

Saɓani

Masu goyon bayan kanel biyu, wato dabarar su RTLinux da Xenomai, na cewa jinkirinsu ya fi ƙanƙanta. Wasu kuma na ganin Linux ya yi girman da ba za a iya tabbatar da wa'adinsa da lissafi ba, sai dai da gwaji.