Waiwaye: Yadda 'Yan Suwidin Suka Koyi Jefa Ƙuri'a Iri Biyu

Daren 9 ga Yunin 2024, da sakamakon zaɓen Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ya fara fitowa, hankalin duniya yana kan Faransa da Jamus. A Faransa masu tsattsauran kishin ƙasa sun kwashi sama da kashi 31 cikin ɗari, har Shugaba Macron ya rusa majalisar ƙasar a daren. A Jamus ma takwarorinsu ne suka zo na biyu. Sai ga Suwidin ta ɗauki wata hanya dabam. Jam'iyyar Sweden Democrats (SD), wadda ta yi suna wajen neman a tsuke ƙofar shigowar baƙi, ta tashi da kashi 13.2, alhali a zaɓen majalisar ƙasa na 2022 ta samu 20.5. Ko a kan zaɓen Turai na 2019 ma ƙasa ta yi, kuma wannan ne karon farko da ƙuri'arta ta ja baya a zaɓen ƙasa baki ɗaya idan aka gwada shi da irinsa na baya. Jam'iyyar masu kare muhalli kuwa, wadda da ƙyar ta kai bantenta a 2022 da kashi 5.1, ta haura zuwa 13.9 ta sha gabanta. Jam'iyyar 'yan hagu ma ta tashi daga 6.7 zuwa 11.1.

Tun daga lokacin ake ta kai ruwa rana. Wasu na cewa iskar siyasar ƙasar ce ta juya, wasu na cewa tuntuɓe ne kawai. Ni dai a ganina duka biyun sun yi gajen waiwaye. Abin da ya faru a 2024 ɗabi'a ce da 'yan ƙasar suka koya shekaru ashirin kafin nan, kuma ana iya nuna watan da suka koye ta.

Farkon labarin sananne ne. A Nuwamban 1994 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan shiga Tarayyar Turai, kashi 52.3 suka amince, 46.8 suka ƙi. Ranar 1 ga Janairun 1995 ƙasar ta shiga tare da Finland da Ostiriya. A watannin farko majalisar ƙasa ce ta tura wakilai daga cikin 'ya'yanta, kamar dai yadda ake cika kujerun majalisar ECOWAS a namu yankin har yau. A Satumban shekarar aka yi zaɓen kai tsaye na farko, na kujeru 22. Ƙasar da sama da kashi 86 suka fita zaɓen majalisarta a 1994, kashi 41.6 kacal suka fito. A 1999 abin ya ƙara sauka zuwa 38.8. Aka ce ai mutane ba su saba ba tukuna, Burasels, hedkwatar Tarayyar, ta yi musu nisa, sannu a hankali za su saba.

Inda ya kamata a tsaya shi ne watanni taran da ke tsakanin Satumban 2003 da Yunin 2004.

Ranar 14 ga Satumban 2003 aka sa domin 'yan Suwidin su yanke hukunci: su ajiye kuɗinsu kurona su karɓi yuro, ko su ci gaba da abinsu. Shugabancin jam'iyyar Soshal Dimokurat mai mulki yana goyon bayan yuro, haka ma jam'iyyu uku na ɓangaren dama. Idan aka haɗa ƙuri'un da waɗannan huɗu suka samu a zaɓen 2002, sun haura kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe. Manyan 'yan kasuwa ma suna wannan ɓangare. A kan takarda, magana ta ƙare.

Saura kwana huɗu a kaɗa ƙuri'a, wani mutum ya daɓa wa ministar harkokin waje Anna Lindh wuƙa a cikin wani babban kanti a tsakiyar birnin Istokholm. Washegari ta rasu. Tana cikin fitattun masu yaƙin neman a karɓi yuro, hotonta na manne a allunan tituna. Aka dakatar da kamfe, mutane suka yi ta ajiye furanni a ƙofar kantin, amma ba a ɗage ranar ba. Da yawa sun ɗauka juyayi zai ja mutane zuwa ɓangarenta. Ranar Lahadi sama da kashi 82 suka fito, kashi 55.9 suka ce a'a, kashi 42 suka ce i. Mutane sun yi kukan rasuwarta da gaske, suka kuma shiga bayan labule suka ƙi abin da ta roƙe su. Arewacin ƙasar, yankin dazuzzuka da ma'adinai da ƙananan garuruwa, shi ya fi kowa ƙi. Babban birni ne ya ce i.

Abin da ya fi yawa a tunanin mutane game da wannan mako shi ne kisan, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai akwai tambayar da sakamakon ya bari a ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka: waɗannan miliyoyin da suka ce a'a, wa zai wakilce su a zaɓen Turai da ke tafe cikin watanni tara? Akwai jam'iyyu uku da suka yi yaƙin a'a: ta manoma da karkara, ta masu kare muhalli, da ta 'yan hagu. Amma ma'aikacin masana'anta da ya gaji zaɓen Soshal Dimokurat daga iyayensa, ko mai ƙaramin shago da ya saba da ɓangaren dama, ba ya jin ɗayansu gidansa ne. Ba ya son a fice daga Tarayyar. Yana dai ganin ikon da ake miƙa wa Burasels ya isa haka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon 2004 wasu masana tattalin arziki da suka yi yaƙi da yuro suka kafa wata ƙungiya mai suna Junilistan, wato Jerin Sunayen Yuni. A gabanta akwai Nils Lundgren, wanda ya fito daga gidan Soshal Dimokurat, da Lars Wohlin, tsohon gwamnan babban bankin ƙasar. Ba su da rassa a ƙananan hukumomi, ba su da ɗan majalisa ko ɗaya, 'yan takararsu kuma an tsinto su ne daga hagu da dama. Saƙonsu bai wuce layi ɗaya ba: muna cikin Tarayyar Turai, amma abin da za a iya yanke shi a gida a bar shi a gida. Ranar 13 ga Yunin 2004, jam'iyyar da ba ta cika wata shida da haihuwa ba ta samu kashi 14.5, ta zo ta uku, ta ɗauki kujeru uku cikin 19.

Domin a gane yadda hakan zai yiwu, sai an leƙa rumfar zaɓen kanta. A Suwidin ba takarda ɗaya ce mai ɗauke da tambarin dukkan jam'iyyu ba. Kowace jam'iyya da tata 'yar takardar, an jera su a ma'aji kamar katunan gayyata. Mutum ya zaro ta jam'iyyar da yake so, ya shiga bayan labule, in ya ga dama ya sa alama a gefen sunan ɗan takara guda, ya zura a ambulan ya liƙe. A zaɓen Turai ƙasar duka mazaɓa ɗaya ce, daga Malmo a kudu har Kiruna a can ƙuryar arewa, kuma duk jam'iyyar da ta kai kashi huɗu ta shiga rabon kujeru. Ɗan takarar da ya samu alamar kashi biyar na masu zaɓen jam'iyyarsa yana iya tsallake waɗanda aka jera a samansa. A wannan zaɓe na 2004 wata 'yar Soshal Dimokurat mai suna Anna Hedh, wadda aka sani da ɗari-ɗari da Tarayyar, an sa ta ne a lamba ta 31. Masu zaɓe suka bi jerin da yatsa har ƙasa, suka nemo sunanta, suka tura ta majalisa.

Darasin da mai zaɓe ya ɗauka a ranar shi ne wanda yake aiki da shi har yanzu. A zaɓen majalisar ƙasa mai kujeru 349, tambayar da ke gabansa ita ce wa zai kafa gwamnati, wa zai riƙe haraji da asibiti da makaranta, don haka yana lissafi kafin ya motsa. A zaɓen Turai kuwa ba gwamnatin da za ta faɗi saboda ƙuri'arsa. Nan ne yake iya faɗin abin da ke cikinsa ba tare da ya rushe komai a gida ba. Shaida ita ce, da Junilistan ta gwada sa'arta a zaɓen majalisar ƙasa na 2006, ko kashi ɗaya ba ta samu ba. Mutanen da suka ɗaga ta su ne suka koma gidajensu na asali.

Daga nan sai abin ya zama jiki. A 2009, makonni bayan wata kotu ta yanke wa masu shafin musayar fina-finai da waƙoƙi na Pirate Bay hukunci, matasa suka ɗauki jam'iyyar Piratpartiet mai fafutukar 'yancin intanet suka ba ta kashi 7.1. Shekara na zagayowa, a zaɓen gida, ta koma ƙasa da kashi ɗaya. A 2014 aka yi zaɓukan biyu cikin shekara guda, abin ya fito fili: a Mayu masu kare muhalli suka samu 15.4 suka zo na biyu, a Satumba suka tashi da 6.9. Jam'iyyar masu rajin 'yancin mata ta samu kujera a Mayu, ta tura Soraya Post, 'yar ƙabilar Roma, wata tsirarun al'umma da ke warwatse a Turai, amma a Satumba ta kasa shiga majalisar ƙasa. SD kuwa akasin haka: 9.7 a Mayu, 12.9 a Satumba. Wato tazarar da aka yi ta mamakinta a 2024 tana nan a fili shekaru goma kafin nan.

Gardamar ficewa daga Tarayyar kuwa ta yi ta lafawa da kanta. Masu kare muhalli sun ajiye ta a 2008. Kafin zaɓen 2019, bayan an ga wahalar da Birtaniya ke sha wajen fita, SD ta daina neman ficewa, 'yan hagu ma suka jingine batun. Yuro dai har yau ba a karɓa ba, duk da cewa faɗuwar darajar kurona a 2023 ta sake tayar da zancen.

Akwai ɓangaren labarin da ya fi damuna, wanda murnar sakamako ko baƙin cikinsa kan rufe. Zaɓen 2004 da ya haifar da duk wannan shi ne wanda aka fi ƙaurace wa a tarihin zaɓukan Turai a ƙasar, kashi 37.9 kawai suka fita. Wata tara kafin nan, a kan tambayar da ta shafi Turai ɗin dai, sama da kashi 82 ne suka fito. Ashe ba Turai ce mutane ba su damu da ita ba. Idan aka yi musu tambaya a fili, i ko a'a, suna zuwa. Idan aka miƙa musu jerin sunaye ba tare da sun ga abin da zai canja ba, sai rabinsu su yi zamansu. An samu ci gaba daga baya, 45.5 a 2009, 51.1 a 2014, 55.3 a 2019, sannan ya ɗan sauka zuwa 53.4 a 2024. Amma a zaɓen gida na 2022 kashi 84.2 ne suka fita. Tazarar maki talatin ke nan, kuma ba a raba ta daidai tsakanin jama'a ba. Masu ilimin jami'a da mazauna tsakiyar manyan birane sun fi fita. Masu ƙaramin albashi, da mutanen ƙananan garuruwa, da unguwannin baƙi irin su Rinkeby a Istokholm da Rosengård a Malmo, inda 'yan Somaliya da Iraƙi da Siriya suka yi yawa, su ne suka fi zama a gida, ko da kuwa ana buɗe rumfunan zaɓen wuri a ɗakunan karatu tun saura kwana 18.

Majalisar da suke ƙaurace wa ba ta ado ba ce. A Afrilun 2024, wata biyu kafin zaɓen, ita ce ta amince da sabon tsarin karɓar 'yan gudun hijira da masu neman mafaka na Tarayyar baki ɗaya, tsarin da zai shafi ɗan'uwan mazaunin Rinkeby da ke hanya, ya kuma shafi yaranmu masu ratsa Agadas su nufi teku. Dokokin sare itace da hayaƙin masana'antu, waɗanda abincin mutumin arewacin Suwidin ya rataya a kansu, su ma ta nan suke bi. Kujeru 21 ƙasar ke da su cikin 720, kuma kusan rabin masu zaɓe ba su sa hannu a rabon su ba. Sai a 2029 za a sake jera takardun.