Samgyeopsal

Samgyeopsal gasasshen naman cikin alade ne da ake ci a Koriya ta Kudu, kuma yana cikin abincin da mutanen ƙasar suka fi fita ci da yamma. Ana yanka shi daga ɓangaren ciki, inda tsoka da kitse suke hawa-hawa, shi ya sa sunansa ke nufin nama mai hawa uku. Ba a kawo shi a dafe. Ɗanye ake ajiye wa masu ci, su gasa da kansu a kan kaskon da ke tsakiyar tebur, su naɗe kowace loma a cikin ganye.

Asali

Abincin bai daɗe ba idan aka gwada shi da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji na Koriya. Ya bazu ne daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1980, lokacin da birane suka cika da ma'aikatan masana'antu, naman shanu ya fi ƙarfin aljihun talaka, ƙananan murhunan gas na tafi-da-gidanka kuma suka wadata. Da murhu ɗaya da kasko, ƙaramin shago ya zama gidan gashi. A yau abin da ake kiwo a cikin gida ba ya isa, sai an shigo da ƙari daga ƙasashe irin su Sifaniya da Chile.

A 2003 ƙungiyar makiyaya ta yankin Paju da Yeoncheon ta ware 3 ga Maris a matsayin ranar cin wannan nama, domin ta tallafa wa masu kiwon da cutar dabbobi ta karya wa kasuwa. Birnin Cheongju yana da layi guda na gidajen gashinsa a kasuwar Seomun, inda ake tsoma naman a ruwan miyar waken suya kafin a ɗora a wuta. Tsibirin Jeju kuwa ya yi suna da baƙin alade, wanda ake gasawa da fatarsa.

A gidan gashi na unguwa

Irin waɗannan gidaje, da ake kira gogitjip, ƙanana ne, galibi iyali ɗaya ke riƙe da su. Ana sayar da nama kaso-kaso, kowane kaso tsakanin giram 150 zuwa 200, kuma yawancinsu ba sa karɓar odar da ta gaza kaso biyu, domin abincin na taro ne. Kafin nama ya iso an jera kimchi, da tafarnuwa, da ɗanyen barkono, da kwaɗon ganyen albasa, da kwandon ganye. In sun ƙare sai a kira mai hidima a ƙaro ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan dattijuwa ce, ana kiranta imo, wato inna, mai gidan kuma sajangnim.

Galibi ba a jiƙa naman da kayan yaji. Ana shimfiɗa shi a kasko mai ɗan karkata don mai ya gangara, a juya, a yayyanka da almakashi, kimchi da tafarnuwa kuma suna soyuwa a gefen da man ke taruwa. Abin tsomawa iri biyu ne: man riɗi da gishiri, sai ssamjang, haɗin barkono da doenjang, wato ruɓaɓɓen waken suya mai aiki irin na daddawa a miya. Ana rufewa da soyayyiyar shinkafa a kan kaskon, ko taliyar sanyi da ake kira naengmyeon. Abokan aiki kan yi walimarsu ta bayan tashi, hoesik, a irin wannan wuri, kuma da yawa suna haɗawa da giyar soju.

Ganyen kowane lokaci

Nama ɗaya ne duk shekara, ganyen ne ke sauyawa, kuma a nan ake gane gidan da ya san aikinsa. Naɗin ana kiransa ssam: a ɗora ganye a tafin hannu, a sa nama, da ɗan ssamjang, da tafarnuwa, a dunƙule a kai baki gaba ɗaya. Gutsura shi biyu ba al'ada ba ce. Wani lokaci mutum kan naɗa ya miƙa wa iyayensa ko baƙonsa don nuna kulawa.

Latas da ganyen kkaennip mai ƙamshi su ne na kullum. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu, sanyi na janyewa, sai minari ya shigo. Tsiro ne na bakin ruwa, mai dogon kara, ƙamshinsa mai kaifi, kuma yana yanke maiƙon nama fiye da latas nesa ba kusa ba. Wanda ya fi shahara shi ne na kwarin Hanjae a gundumar Cheongdo, lardin Gyeongsang ta Arewa, inda ake noma shi a rumfunan leda da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Karansa yana da kauri da taushi, gindinsa ja-ja, har ana cin sa ɗanye. A waɗannan watanni mutane kan yi tattaki daga biranen Daegu da Busan su ci shi kusa da gona, gidajen gashi na unguwanni kuma su liƙa sanarwa a ƙofa cewa minari ya iso. Wasu na nannaɗe karan a jikin nama, wasu na ɗora shi a kasko na ɗan lokaci kaɗan. In ya daɗe a wuta ƙamshin ya tafi, an yi asarar abin da aka jira shekara guda.

A wannan lokaci ne kuma ake samun dallae, wata albasar daji, da bomdong, kabeji mai buɗaɗɗen ganye da ɗan zaƙi. Ganyen myeongi na tsibirin Ulleungdo ana jiƙa shi a miyar waken suya don ya kai sauran watanni. Lokacin ruwan damina da ake kira jangma, a Yuni da Yuli, gonakin latas kan lalace, farashi ya yi tsalle, kwandon ganye ya ragu a gidaje da yawa. Da hunturu sai a koma ga farin kabeji da sabon kimchi.

Lafiya da addini

Akwai tsohon zance cewa kitsen yana wanke ƙura daga maƙogwaro, wanda ake dangantawa da masu haƙar kwal na lardin Gangwon. Binciken likitoci bai tabbatar da shi ba. Abin da aka sani shi ne naman yana da kitse mai yawa.

Naman alade haramun ne ga Musulmi, kuma a gidan gashi kaskon da ya gasa shi zai iya gasa naman shanu. Musulmin da ke Seoul sukan nufi unguwar Itaewon, kewayen Babban Masallacin da aka buɗe a 1976, inda gidajen abinci na halal ke gasa naman shanu da na rago, a ci da ganye a naɗe.