Zanen jikin mutum a jami'a: abin da dokar intanet ta hana da abin da ba ta hana ba

Wata magana tana ta yawo a rukunonin WhatsApp na iyaye a Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Rikkos har Bukur, wai duk ɗalibin da ke koyon zanen jikin mutum a jami'a yana wasa da ɗaurin shekara uku, wai gwamnati ta kafa sabuwar doka ta haramta darasin. Har wasu iyaye sun fara ce wa yaransu su sauya kwas tun da sauran lokaci. Maganar tana da ɗan tushe, shi ya sa take kama zuciya, amma an ɗora ta a inda ba gurbinta ba.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu, Shugaba Tinubu kuma ya sa hannu a kan gyaranta a watan Fabrairun 2024. Ta shafi kowa a Najeriya, ɗalibi da malami da mai tallan waya, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren shari'unta. Babu inda ta ambaci ɗakin zane, ko fensir, ko manhajar jami'a. Abin da take bi shi ne abin da aka aika ko aka adana ta waya da kwamfuta. Zanen da ke manne a allo cikin ɗakin zane, ba a ɗauke shi da waya ba, ba a tura wa kowa ba, wannan doka ba ta da hannu a kansa. Batun halacci ko haramcin zana mai rai a addini kuwa fagen malamai ne, kowane gida ya san wanda yake tambaya. Kada a haɗa shi da maganar kotu.

Masu yaɗa jita-jitar da yawa ba su taɓa leƙa ɗakin ba. Ɗalibi yakan fara da ƙwarangwal da mutum-mutumin filasta, ya san inda haƙarƙari suka ƙare da yadda ƙashin ƙugu yake zaune. Daga nan sai zanen sauri: mutum ya tsaya daƙiƙa 30 zuwa minti 2, ɗalibi ya kama motsinsa da gawayi a takarda mai arha, babu fuska babu yatsu. Irin wannan ake tura su su yi a Taminus ko kasuwar Farin Gada, su zana ɗan dako da buhun kabeji a ka. Doguwar tsayuwa kuma minti 20 zuwa 25 ce, a huta minti 5, a zagaye ƙafafun mai tsayuwar da alli don ya koma daidai inda yake. A sanyin Jos na hunturu ma sai an rage lokacin, domin jikin da ke rawar ɗari ba ya riƙe tsayuwa.

Aikin awo ne. Ɗalibi yana miƙe hannu sosai, ya runtse ido ɗaya, ya auna kan mutum da bakin fensir da babban yatsa, sannan ya ƙirga: baligi yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi. Tsakiyar tsayinsa a ƙashin mara take, ba a cibiya ba. Gwiwar hannu tana daidai da kwiɓi, yatsu suna sauka tsakiyar cinya. Wanda ya fara da ƙawata fuska sai kai ya yi ƙato, takarda ta ƙare, ya matse ƙafafu. Wanda bai duba cewa ramin wuya yana saitin ƙafar da ke ɗauke da nauyi ba, zanensa zai fito kamar mai shirin faɗuwa. Dalilin da ya sa malami ke son a ga kafaɗa da gwiwa ke nan: wanda bai san abin da ke ƙarƙashin babbar riga ba, idan ya zana ta sai ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Sashen koyar da zane na jami'a ne ke yanke irin suturar da mai tsayuwa zai sa, gajeren wando ne, zani ne ko riga mai kama jiki, kuma uba yana da damar ya je ya tambaya. Darasin kuma tsoho ne a Arewa, da shi fitattun masu zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka taso a Zariya wajen 1958.

To daga ina shekara ukun ta fito? Daga sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet. A rubutunsa na 2015 ya hukunta duk saƙon da ya zama na batsa, ko na rashin kunya, ko mai muni, ko mai ɓata rai. Kalmomin sun yi faɗi har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 da 2022 cewa sashen ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Gyaran 2024 ya share yawancinsu, ya bar abu biyu: saƙon batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne ya kuma aika don tada fitina ko jefa rayuwa cikin haɗari. Wato abin da ake kira sabuwar doka rage tarkon ya yi, ba ƙara shi ba.

Hukuncin ma ana karanta shi a karkace. Rubutun ya ce tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Iyaka ce ta sama, alƙali yana iya yin ƙasa da ita sosai. Kafin a kai nan kuma sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa mutum ya aika, da saninsa ya aika, kuma abin da ya aika batsa ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Dokar ba ta fassara kalmar batsa a wannan sashe ba, ba ta kuma ware zanen karatu ko littafin likitanci da suna ba. A ma'anar da kowa ya sani, batsa abu ne da aka yi don tada sha'awa, kuma inda dokar ta yi bayani a kan yara, ayyukan jima'i da nuna al'aura da nufin sha'awa ta lissafa. Zanen gawayi mai layukan awo a gefe, da jan biron malami yana cewa cinya ta gajarce, ya yi nisa da wannan. Amma barin kalmar haka ba adalci ba ne. Kafin alƙali ya ce ba batsa ba ne, ɗan talaka ya riga ya kwana a tsare, an karɓe wayarsa, sunansa ya zaga unguwa. Majalisar da ta iya share waɗancan kalmomi tana iya ƙara layi ɗaya da zai kare ilimi da fasaha.

Akwai kuma ƙaramin sakin da ba a cika ambata ba, a sashe na 23: tura hoton batsa ga wanda bai nema ba, ɗaurin shekara 1 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. Saboda haka zanen da jiki ya bayyana a cikinsa, ko da na aji ne, ba abin jefawa a rukunin dangi ko na tsofaffin ɗalibai ba ne. A can ake samun wanda zai fusata ya kai ƙara. Haka baje koli a fili: Final Kot, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, tun 1960 take hukunta sayar da zanen batsa ko baje shi a bainar jama'a, shi ya sa abin da za a rataye a baje kolin ƙarshen shekara yake bi ta hannun malamai.

Haɗarin gaske yana wurin kyamara. Ɗalibi bai gama zanensa ba, lokaci ya ƙare, sai ya ɗaga waya ya ɗauki mai tsayuwa don ya ƙarasa a ɗakin kwana. Mutumin ya yarda a zana shi ne, bai yarda a ɗauke shi ba. Hoto ba zane ba ne, fuskarsa ce da jikinsa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana ɗaukar hoton da za a gane mutum da shi a matsayin bayanansa. Idan hoton ya faɗa hannun wani, ya yi barazanar yaɗa shi don a ba shi kuɗi, sashe na 24 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ko tarar da ta fara daga naira miliyan 15 ga mai irin wannan barazana. Ɗakin zanen da ya san aikinsa yakan tara wayoyi a akwati a bakin ƙofa, ya rufe labule, ya hana baƙo shiga, ya sa mai tsayuwa ya sa hannu a takardar da ta faɗi suturar da zai sa, awannin da zai yi da inda za a nuna zanen.

Sai batun shekaru, wanda ya fi komai nauyi. Dokar intanet ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, alhali ana shiga jami'a da 16. Ɗaliban aji ɗaya kuma sukan tsaya wa juna idan ba a samu mai tsayuwa ba. Batsar yara, yin ta ko yaɗa ta, ɗaurin shekara 10 ne ko tarar da ta kai naira miliyan 20. Ajiye ta a waya kawai ya kai shekara 5 ko miliyan 10. Sashe na 23 ya haɗa har da hoton da ba na gaske ba amma ya yi kama da gaske, wanda ya kamata masu zane a kwamfuta su riƙe. Yardar yaro ko ta iyayensa ba ta wanke kowa a nan. Don haka wanda bai cika 18 ba ya tsaya da cikakkiyar suturarsa, ko kada ya tsaya sam, malami kuma ya ga shaidar haihuwa da idonsa.

Ɗalibin da ke son saka aikinsa a intanet don neman kwastoma ya zaɓi zanen hannu, ƙafa, fuska da masu sutura, ko zanen saurin da ba a gane kowa. Idan jiki ya fito, ya nemi yardar mai tsayuwa a rubuce, ya rubuta sunan darasin a ƙasa. Ya kuma adana littafin zanensa yadda yake, kada ya yage shafi, da kwanan wata a kowane zane, tare da takardar tsarin kwas mai hatimin sashe. In an taɓa gayyatarsa ofishin 'yan sanda, waɗannan zai ɗauka, ya sanar da shugaban sashensa, kada kuma ya rubuta jawabi sai lauya yana zaune.