Allurar dashbod ta mutu ko tana ƙarya: tambayoyi da amsoshi ga masu tsohuwar mota a Sakkwato

Leƙa dashbod ɗin tsofaffin motocin da ke bin hanyar Illela ko Gusau, irin su Fijo 504, Golf 3 da tsohuwar Corolla, da wuya ka rasa allura ɗaya da ta kwanta. Ka yi wa direba magana, ya ce ai ya san motarsa. Abin yana damuna, domin a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, allurar zafi ce kaɗai ke gaya maka abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet kafin hayaƙi ya tashi.

Allura ta daina motsi. In sayi wani dashbod ɗin?

Dakata tukuna. Allurar mai da ta zafi kowace tana da abu uku: na'urar da ke aunawa a jikin inji ko cikin tanki, wayar da ke kawo saƙo, sai allurar da kake gani. A cikin ukun nan, allurar ce ta fi wuyar lalacewa, tunda a inuwa take zaune. Na'ura da waya su ne ke shan zafin inji, ƙurar hunturu da jijjigar hanya. Mutum zai kashe kuɗi ya sayo dashbod na hannu, a ɗaura, matsala tana nan yadda take, don laifin wata 'yar waya ne da ta yi tsatsa.

Duka alluran ne suka rikice lokaci guda. Daga ina za a fara?

Daga fiyus. Idan lafiyarsa lau, a duba wayar da ke kama jikin mota, wadda rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ke kira at. Alamarta a fili take: ka kunna fitilar gaba ko fanka, sai allurar zafi ta ɗaga, ka kashe ta sauka. Inji ba ya yin zafi a daƙiƙa ɗaya. Wuta ce ta rasa hanyar komawa batir, ta ratsa ta cikin alluran. A kwance wayar, a goge tsatsa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure da kyau. Wasu tsofaffin motoci kuma suna da 'yar na'ura a bayan dashbod mai daidaita wutar da ke zuwa wa alluran, idan ta mutu mai da zafi sukan yi ƙarya tare.

Yaya zan gane ko allurar zafi ƙarya take yi ko injin ne ya yi zafi da gaske?

Ka ɗauka gaskiya take faɗa har sai ka tabbatar da akasin haka. Ta doshi ja, ka samu gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan yana iya feso maka a fuska. Bari ya huce, sannan ka duba ruwa, fambel da fanka.

Idan duk waɗannan lafiya suke, ga gwajin da kowane rewaya ya sani. A tsofaffin motoci da dama na'urar zafi waya ɗaya gare ta, kuma galibi tana kusa da inda babban tiyon lagireto na sama ke shiga inji. A zare wayar, a kunna makulli ba tare da tada inji ba, a taɓa ta a jikin inji na ɗan lokaci. Allura ta tashi zuwa ƙarshe? To waya da allura lafiya, na'urar ce za a sake, kuma ba ta da tsada. Ba ta motsa ba? Sai a bi waya. Ban da na'ura mai waya biyu da ke zuwa kwamfutar mota, wannan da mita ake gwada ta.

Ƙaryar da ta fi haɗari ita ce ta allurar da ke kwance ƙasa. Idan ruwa ya zube, na'urar takan zauna a cikin iska maimakon ruwa, sai ta nuna sanyi alhali gasket na ƙonewa. Akwai kuma al'adar nan tamu ta cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera yawancin injuna su yi aiki wajen digiri 85 zuwa 95. Bayan an cire, allura takan zauna ƙasa da safe, direba ya saba da ganinta a can, ranar da ta mutu gaba ɗaya ba zai lura ba. Ni ban goyi bayan cirewar ba.

Allurar mai tana nuna rabi, ga shi mai ya ƙare mini kafin in kai Shagari. Me ya jawo?

A cikin tanki akwai fulot, wani ɗan abu mai iyo a saman fetur, da hannunsa da ke goga a kan wani faifai. Shekaru suna tafiya faifan yana cinyewa, musamman a wurin da mai ya fi zama. Mu kuwa da muke shan lita 5 ko 10, ƙasan faifan ne ke shan wahala. Wani lokaci fulot ɗin ne ya huje ya nutse, sai allura ta kwanta ko da ka cika tanki. Wani lokaci kuma dutse ne ya lotsa tankin har hannun ya maƙale. Wannan aikin ba na gida ba ne, tartsatsi ɗaya a bakin tanki ya isa.

Allurar gudun mota fa?

A irin su 504 igiyar ƙarfe ce ke juyowa daga giyabos. Idan allura na rawa, igiyar ta bushe ko ta lanƙwashe. Idan allurar ta tsaya cak tare da lambobin kilomita, igiyar ta tsinke. Motocin da suka biyo baya na'ura ce a jikin giyabos, a fara duba soket ɗinta.

Jajayen fitilun nan na baƙin mai da batir, ba a ganinsu ma ai alheri ne, ko?

A'a. Kana murɗa makulli ya kamata su kama, inji na tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba, ko ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi da gangan don a sayar da mota, saboda haka mai saye ya duba wannan kafin ya biya. Ta baƙin mai idan ta kama kana tafiya, kashe inji nan take, kada ka ce bari ka ƙarasa Bodinga.

Ta batir kuma tana da wani aiki da mutane da yawa ba su sani ba. A tsofaffin motoci da dama, ta cikin ƙwan nan ne wuta ke fara shiga altaneta kafin ya soma caji, don haka ƙwai ɗaya ya ƙone, batir ya rinƙa mutuwa kullum. Kafin ka sayi sabon batir, a ɗora mita: wajen volt 12.6 idan mota na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji na aiki. Ya gaza haka, a fara da ƙwan da fambel kafin a kwance altaneta.